Hoton Jariri A Waje, Mofin A Ciki: Tsohon Salon Tallar Magani A Amurka Da Ingila

A shekarar 1885, wani kamfani mai suna Lloyd Manufacturing Company da ke birnin Albani na jihar New York ta ƙasar Amurka ya buga wani ɗan katin talla mai launi, wanda har yau masu nazarin tarihin kasuwanci suke yawan kafa misali da shi. A jikin katin an zana yara biyu, mace da namiji, sun yi tsaf cikin tufafi masu tsabta, suna wasan gina ɗan gida da 'yan itatuwa. Babu likita a hoton, babu majinyaci, babu ma wata alamar ciwo. Amma abin da katin yake talla shi ne maganin ciwon haƙori na koken, wato hodar ibilis, a kan senti 15, tare da alƙawarin cewa yana warkarwa nan take, kuma ana samun sa a wurin kowane mai sayar da magani.

Wanda ya ga wannan kati a yau zai iya ɗaukar sa a matsayin abin dariya, ko kuma aikin wani ɗan damfara guda ɗaya. To, ba haka abin yake ba. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa farkon ƙarni na 20, hotunan jarirai masu kumatu, da 'yan mata riƙe da furanni, da mala'iku masu fukafukai, da tsofaffin mata masu kamala, su ne jarin da wata babbar masana'anta ta dogara da shi wajen sayar da kwalaben da babu wanda ya san abin da ke cikinsu sai mai su.

Sunan wannan masana'anta ba baƙo ba ne ga 'yan kasuwar Nijeriya, domin kalmomin nan na Ingilishi, patent medicine, su ne dai a rubuce a allunan dubban ƙananan shagunan magani da jama'a suke kira kemis. Asalin sunan daga Ingila yake, inda sarakuna suke bai wa wani mai haɗa magani takardar izini ta musamman, wadda ta hana kowa yin irin kayansa. Wani ɗan kasuwa mai suna Robert Turlington, alal misali, ya sami irin wannan takarda daga Sarki George na Biyu a shekarar 1744. Sai dai a ƙarni na 19 yawancin magungunan da suke ɗauke da wannan suna ba su da takardar ko kaɗan, kuma masu su ba sa neman ta, saboda duk wanda ya nema dole ne ya bayyana wa hukuma abubuwan da ya haɗa, bayan wasu shekaru kuma kowa ya sami damar kwaikwaya. Abin da suke yi wa rajista shi ne suna, da tambari, da siffar kwalba, da hoton da ke jikin takardarta. Haɗin kuwa sirri ne.

A nan ne hikimar kasuwancin take. Mai sayen atamfa yana taɓawa ya ji kaurinta, mai sayen hatsi yana ɗiba ya duba a tafin hannunsa, amma mai sayen ruwan magani a cikin kwalba mai duhu cinikin biri a sama yake yi. Tun da ba zai ga abin da ke ciki ba, sai a ba shi wani abu da zai kalla a waje, wanda zuciyarsa ba za ta yi masa zargi ba. Kuma a duk faɗin duniya babu fuskar da ta fi ta jariri kuɓuta daga zargi.

Ya kamata mai karatu ya san irin halin da iyaye mata suke ciki a wancan zamani kafin ya ga wautarsu. A ƙasar Ingila, cikin shekarun 1890, a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa kimanin 150 ba sa cika shekara ɗaya a duniya. Gudawa, da tari, da zazzaɓi suna ɗauke yara kamar wasa, kuɗin ganin likita ya fi ƙarfin ma'aikacin masaƙa, likitan ma idan an gan shi sau da yawa abin da zai bayar maganin da aka haɗa da zaiba ne, ko kuwa ofiyom ɗin dai da ke cikin kwalbar kanti. Ga kuma uwa wadda za ta yi sammako zuwa masana'anta bayan ta kwana tana jijjigar yaro mai fitar haƙori. Mace irin wannan, idan aka nuna mata hoton jariri yana barci lafiya lau a gefen uwarsa, an nuna mata ainihin abin da take roƙo ke nan.

Babu maganin da ya ci moriyar wannan hali kamar Mrs. Winslow's Soothing Syrup, wanda Jeremiah Curtis da Benjamin Perkins suka fara sayarwa a garin Bangor na jihar Maine a shekarar 1849. Sun ce haɗin wata ungozoma ce mai suna Charlotte Winslow, wadda ta daɗe tana kula da yara, don haka tun daga sunansa an riga an cusa wa mai saye tunanin wata dattijuwa mai tausayi. Katunan tallarsa da kalandunsa kuwa kusan labari ɗaya suke bayarwa: uwa kyakkyawa cikin fararen tufafi, kwance ko zaune a ɗaki mai tsabta, 'ya'yanta sun kewaye ta suna murmushi, wani lokaci tana ɗaga kwalbar sama jariri yana miƙa hannu. Rubutun yana cewa maganin yana sanyaya dasashi, yana kwantar da ciwon ciki, yana kawo wa uwa hutu.

Maganar hutu ba ƙarya ba ce. Abin da ke cikin kwalbar mofin ne da barasa a cikin ruwan sukari, kuma mofin ɗin ya kai kimanin miligiram 65 a cikin kowane awo na kusan mililita 30. Yaro yana shan cokali ɗaya zai yi shiru, domin an bugar da shi ne. Idan uwa ta ƙara cokali saboda kukan ya dawo, numfashin yaron yana iya yin ƙasa har ya tsaya, ya yi barcin da ba a tashi. Wanda ya tsira kuma yakan saba da maganin, ya ƙi cin abinci, ya rame, ya riƙa kuka idan babu shi, wanda hakan ya sa iyaye su koma kanti su sayo wata kwalbar. Ta fuskar ciniki zalla, kaya ne da yake ƙirƙiro wa kansa kasuwa. A shekarar 1868 Curtis ya bayyana cewa yana sayar da fiye da kwalba miliyan ɗaya da rabi a kowace shekara. A Ingila ma akwai takwaransa, Godfrey's Cordial, wanda ofiyom ne a cikin ruwan zaƙi, kuma matan da ake bar wa reno a garuruwan masana'antu sun shahara da ɗura wa yara shi.

Wani abu da ya taimaka wa wannan salo shi ne ci gaban aikin ɗab'i. A shekarun 1870 buga hoto mai launuka da yawa ya yi araha, musamman bayan babban bikin baje kolin da aka yi a birnin Filadelfiya a shekarar 1876, inda kamfanoni suka raba katunan talla masu ɗimbin yawa. A gidajen da babu wani hoto mai launi a bango, irin wannan kati abin ado ne. Mai kanti yana sa shi kyauta a cikin kayan da aka saya, yara suna tarawa suna mannawa a littafi, suna musanya da abokansu. Ta haka talla ta shiga har cikin ɗakin kwana, ta zauna shekara da shekaru, kuma yaran gida ne da kansu suke adana ta. Sau da yawa ma madaba'a ce take buga hoton yara ko na furanni ta ajiye, duk kamfanin da ya zo sai a buga sunansa a kai, ko na sabulu ne ko na zare ko na magani. Wato hoton ba shi da wata dangantaka da abin da ke cikin kwalba tun daga tushe.

Bayan fuskar yara, kalma ta biyu da aka fi ci da ita ita ce tsarki. A wancan lokaci jama'a sun yi imani cewa yawancin cututtuka daga gurɓacewar jini suke, don haka kamfanonin J. C. Ayer da C. I. Hood, dukansu a garin Lowell na jihar Massachusetts, suka yi arziki da ruwan saiwar sarsaparila da suka ce yana wanke jini. Kalandun Hood cike suke da fuskokin yara masu jajayen kumatu, alhali kusan kashi 18 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar barasa ce. Maganin tarin Ayer mai suna Cherry Pectoral kuwa, wanda ake tallarsa da hotunan 'yan mata ƙanana da 'ya'yan itace, yana ɗauke da sinadarin da aka samo daga ofiyom. Haka zalika an yi ta nanata cewa magani na tsiro ne zalla. Wannan ma wayo ne, domin abin da jama'a suke tsoro shi ne zaibar likitoci, kuma ofiyom da koken da barasa duk daga tsiro ake samun su, saboda haka mai talla bai yi ƙarya a baki ba, ya dai bar mai saye ya yaudari kansa.

Wasu kuma sun ari tsarkin wasu al'ummu. An yi magunguna da sunan Kweka da Sheka, wasu ƙungiyoyin Kirista da aka sani da gaskiya da gudun duniya. John Healy da Charles Bigelow sun fito da Kickapoo Indian Sagwa a farkon shekarun 1880, suna nuna jajayen Indiyawan Amurka a matsayin mutanen daji waɗanda birni bai ɓata ba, masu sanin sirrin itatuwa, alhali a birni ake haɗa maganin, kuma ba daga ƙabilar Kikapu aka samo shi ba. Ba za a rasa faɗi ba a nan, ko da a taƙaice, cewa wannan tsarki da ake zanawa yana da launin fata. Kamfanin sabulun Pears na Ingila, wanda ya shahara da hoton wani yaro mai kallon kumfa da mai zane John Everett Millais ya yi, shi ne kuma ya buga tallar da aka nuna baƙin yaro ya shiga baho ya fito jikinsa ya yi fari.

Labarin da ya fi kowanne nuna darajar fuska a kasuwa shi ne na Lydia Pinkham ta garin Lynn, ita ma a jihar Massachusetts. Bayan mijinta ya yi karayar arziki, iyalinta sun fara sayar da wani haɗin saiwoyi da take dafawa a gida don matsalolin mata, a shekarar 1875. Cinikin bai taka kara ya karya ba sai a shekarar 1879, lokacin da suka sa hotonta a jikin kwalba da shafukan jaridu: dattijuwa mai furfura, mai natsuwa, da farin leshi a wuya, irin wadda kowa zai so a ce kakarsa ce. Nan da nan fuskarta ta zama ɗaya daga cikin fuskokin mata da aka fi sani a Amurka. Daga baya har hotunan jikokinta mata aka buga a katunan talla. Ita kanta mai goyon bayan ƙungiyoyin yaƙi da shan giya ce, amma maganinta yana da barasa kusan kashi 20 cikin 100, wadda kamfanin ya ce don adana haɗin aka sa ta. Mata da yawa da ba za su taɓa kusantar mashaya ba sun riƙa shan sa cokali bayan cokali da zuciya ɗaya.

Tallar takan gayyaci mata su rubuto wa Misis Pinkham damuwarsu, tare da tabbacin cewa mace ce za ta karanta, mace ce za ta amsa. A zamanin da mace take jin nauyin gaya wa likita namiji abin da ke damun ta, wannan gayyata ta yi tasiri ƙwarai, wasiƙu suka yi ta kwarara. Abin da masu rubutun da yawa ba su sani ba shi ne Lydia Pinkham ta rasu tun shekarar 1883. Sai a shekarar 1905 mujallar mata ta Ladies' Home Journal, wadda Edward Bok yake shugabanta, ta buga hoton kabarinta da ranar rasuwarta a jiki. Kamfanin ya kare kansa da cewa Misis Pinkham da yake nufi surukarta ce, matar ɗanta.

Ina ake samun kuɗin wannan talla mai yawa haka? Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin kuɗin haɗa kaya da farashinsa. A shekarar 1909 Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta sa masana sun auna shahararrun magungunan sirri, ta buga sakamakon a wani littafi mai suna Secret Remedies. A ciki aka gano cewa ƙwayoyin Beecham's Pills, waɗanda ake kirarin kwali ɗaya ya cancanci sule 21, ba kome ba ne illa wani tsiro mai ɗaci dangin kabar-giwa, da citta, da sabulu. Ana sayar da kwalin a kan sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, alhali kayan da ke ciki kimanin kashi ɗaya cikin takwas na kwabo ne kuɗinsu. Ke nan ainihin abin da kamfani yake kashe wa kuɗi shi ne takarda da tawada, kuma ainihin abin da mai saye yake biya shi ne hoton da ya jawo shi.

A Amurka, ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya ƙiyasta a shekarar 1905 cewa jama'a suna kashe kimanin dala miliyan 75 a kowace shekara a kan waɗannan magunguna. Kaso mai tsoka na kuɗin yana komawa ga jaridu, kuma masu maganin sun san yadda za su yi amfani da hakan. Frank Cheney na birnin Toledo, wani jigo a ƙungiyar masu wannan sana'a, ya shigo da wani sharaɗi a cikin kwantiragin talla, wanda ya ce yarjejeniyar ta rushe idan jihar da jaridar take ta kafa dokar da ta takura wa magungunan sirri. Da zarar an gabatar da irin wannan ƙuduri a majalisar jiha, sai a tunatar da editoci abin da za su yi asara, su kuwa su tashi haiƙan su yaƙe shi. Shi ya sa aka ɗauki shekaru masu yawa yara suna mutuwa jaridu suna shiru.

Mujallun da suka daina karɓar tallar magungunan ne suka fasa ƙwan. Tun cikin shekarun 1890 Bok ya rufe wa masu maganin ƙofa, sannan a ranar 7 ga Oktoba, 1905, mujallar Collier's ta fara buga jerin rahotannin Adams, inda ya riƙa ambaton magunguna da sunayensu da abin da masana suka samu a cikinsu. A ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magunguna, wadda babban masanin sinadarai na Ma'aikatar Aikin Gona, Harvey Wiley, ya daɗe yana fafutuka a kanta. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne dokar ba ta haramta hoton jariri ba, ba ta ma haramta mofin ba. Ta dai wajabta cewa idan akwai barasa, ko mofin, ko ofiyom, ko koken, ko hiroyin da makamantansu a cikin kwalba, to a rubuta sunansa da yawansa a jikin takarda. Wannan ɗan layi na rubutu ya yi wa sana'ar illar da wa'azin shekaru hamsin bai yi mata ba, domin da wuya uwa ta karanta kalmar mofin a ƙarƙashin hoton jariri ta kuma kalli hoton da idon da.

Masu maganin ba su miƙa wuya nan take ba. A shekarar 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa dokar ta shafi ƙarya game da abin da ke cikin magani ne kawai, ban da ƙaryar cewa yana warkar da cuta kaza. Majalisa ta yi gyara a shekarar 1912, amma ta ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cewa mai kaya ya yi niyyar zamba, abin da yake da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. A shekarar 1911 ɗin ce kuma Ƙungiyar Likitocin Amurka ta sa maganin Misis Winslow cikin jerin waɗanda ta kira masu kashe jarirai. Daga bisani an cire mofin daga cikinsa, amma sunan ya ci gaba da zama a kantuna har wajen shekarar 1930.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk masu wannan sana'a ne suka ɗauki kansu a matsayin masu kisa ba. A shekarar 1885 da aka buga katin Lloyd, koken sabon abu ne da likitoci suke yabo, domin shekara ɗaya kafin nan ne Carl Koller ya nuna a birnin Biyana cewa yana kashe zafi a aikin ido, kuma babu shakka yana kashe zafin haƙori. Kamfanin Bayer na Jamus ma ya fito da hiroyin a shekarar 1898 a matsayin maganin tari. Laifin da ba shi da uzuri shi ne ɓoye abin da ke ciki bayan an san haɗarinsa, sannan a lulluɓe shi da hoton waɗanda suka fi kowa rauni a gabansa. Akwai kuma waɗanda suka gyara kayansu suka riƙe tambarinsu. Woodward's Gripe Water, wanda William Woodward ya fara haɗawa a birnin Nottingham a shekarar 1851, kuma iyaye mata a Nijeriya suka san shi sarai, tambarinsa hoton wani jariri ne na tatsuniyar Girkawa yana shaƙe macizai. Ya daɗe yana ɗauke da barasa kusan kashi 4 cikin 100, sai a farkon shekarun 1990 aka cire ta a Birtaniya.

Rubuta abin da ke cikin kwalba kuma bai wadatar ba idan babu gwaji. A shekarar 1937 kamfanin S. E. Massengill na jihar Tennessee ya narkar da wani sabon maganin ƙwayoyin cuta a cikin dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu mai ɗan zaƙi da ake amfani da shi a ruwan birkin mota, ya ƙara masa ɗanɗanon 'ya'yan itace. An gwada launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa, ba a gwada ko guba ne ba. Fiye da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara. Wannan ne ya haifar da dokar shekarar 1938, wadda ta wajabta tabbatar da cewa sabon magani ba ya cutarwa kafin a kai shi kasuwa.

Wannan sinadari dai shi ne ya yi wa Nijeriya ɓarna har sau biyu. A shekarar 1990 yara 109 suka rasu, musamman a yankunan Jos da Ibadan, bayan shan ruwan farasitamol da ya gurɓata da shi, kuma shekaru uku bayan haka, a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC. A ƙarshen shekarar 2008 kuma yara suka fara mutuwa da ciwon ƙoda a sassa daban-daban na ƙasar, bincike ya kai ga wani maganin fitar haƙori da kamfanin Barewa Pharmaceuticals ya haɗa a Legas. Sunan maganin My Pikin, wato ɗana a Turancin buroka, sunan da kowace uwa take kiran abin da ta haifa, kuma irin ciwon da aka yi shi dominsa shi ne wanda Curtis da Perkins suka kafa kasuwarsu a kai shekaru 159 kafin nan. Hukumomi sun ƙidaya yara 84 da suka rasu. A shekarar 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa jami'an kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekaru bakwai kowannensu.